Abuja zuwa Guangzhou: awa 15 a sama, ragowar a ƙasa

Kafin in tashi, duk wanda na tambaya awa nawa ake yi daga Abuja zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sai ya ba ni amsa dabam. Wani ya ce 15, wani ya ce 19, wani kuma ya ce in ware kwana biyu in yafe su. Babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko zaman cikin jirgi yake ƙirgawa, na biyu abin da ke rubuce a tikiti, na uku kuwa tafiyar ta taɓa gasa shi.

Farkon Janairu ne, hunturu ya kankama. Lokaci ne da masu sayayya ke rige-rigen isa ƙasar Sin kafin bikin sabuwar shekararsu, domin da zarar ya matso masana'antu rufewa suke yi, ma'aikata su watse garuruwansu na makonni. A lokacin babu jirgin da zai ɗauke ka daga Abuja ya dire ka can kai tsaye, sai ka yada zango a Adis Ababa, ko Doha, ko Alƙahira, ko Istanbul. Na zaɓi Adis, domin ita ce mafi gajeren jira a takarda, kuma kuɗinta ya fi dama. Tikitin ya ce za mu tashi wajen 1:30 na rana, mu sauka Adis wajen 8:00 na dare agogonsu, mu sake tashi bayan 12:00 na dare, mu isa Guangzhou da la'asar washegari. Jimla awa 19.

Abin da tikiti ba ya faɗa shi ne tafiyar tana farawa tun da hantsi. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, kuma mai fita ƙasar waje ana so ya iso awa uku kafin tashi. Aka auna jakunkuna, biyu masu kilo 23 kowace, aka duba biza da katin rigakafin shawara, aka buga hatimi a fasfo, aka sa mu cire takalma da agogo mu bi ta na'ura. Ƙarfe 12:00 ina zaune a ɗakin jira ina ganin na gama da wahala.

Ta gilashi kuwa ba a hango ƙarshen titin jirgi. Hazo ya sauko tun safe, irin wanda ke mayar da rana fara fat har mutum ya iya kallonta ido da ido. Jirgin da zai kwashe mu shi ne wanda ke zuwa daga Adis, kuma bai samu sauka ba, an karkatar da shi wani filin ya jira. Sanarwa ta farko ta ce awa ɗaya. Ta biyu ta ce za a sanar da mu. Daga nan aka daina ambaton lokaci.

Kusa da ni akwai wata Hajiya, dattijuwa, da ƙaramar jaka ɗaya tal a hannu da carbi. Ka gan ta ka san hanyar nan ba baƙuwarta ba ce. Da ƙarfe 4:00 ta wuce, ta dubi agogon bango ta ce, "Ɗana, ka sa a ranka yau a Habasha za ka kwana."

Na ce, "Hajiya, ai muna da awa huɗu a Adis."

Ta ce, "Huɗun nan ba naka ba ne duka. Ana rufe ƙofar jirgi tun kafin lokacin tashi, kaya kuma sai an sauke su daga wannan an loda a wancan. In jirginmu bai ɗaga kafin biyar ba, sai gobe."

Bai ɗaga ba sai bayan magariba.

Tsakanin Abuja da Adis Ababa kusan kilomita 3,450 ne, kuma biranen biyu suna kan layi ɗaya, digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka tafiyar gabas ce sak. Madaidaicin layin yana bi ta kan Garwa a Kamaru, ya ratsa kudancin Cadi, ya ɗan taɓa Afirka ta Tsakiya, ya keta Sudan ta Kudu kafin ya hau tsaunukan Habasha. Awa huɗu da rabi muka yi, babu abin gani sai duhu da taswirar da ke kan allon bayan kujera. Habasha tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka agogon hannuna yana neman 11:00 na dare, nasu ya doshi 1:00. Muna sauka a filin Bole, allon tashi ya nuna jirgin Guangzhou ya riga ya tafi. Tazarar da ke tsakaninmu da shi ba ta kai rabin awa ba, amma jirgin ɗaya ne a rana, don haka rabin awar ta zama awa 24.

Mun fi ashirin da abin ya shafa. Aka jera mu a layi, aka sauya mana tikiti zuwa daren gobe, aka ba kowa takardar masauki da abinci, jami'an shige da fice suka ba mu izinin fita na wucin gadi, mota ta kwashe mu zuwa otal. Manyan jakunkunanmu suna can a filin jirgi. Nan hikimar ƙaramar jakar Hajiya ta fito: kayan sawa na kwana ɗaya, magani, abin cajin waya da rigar sanyi. Da yawanmu da kayan jikinmu muka kwana.

Rigar sanyin ta yi rana. Adis Ababa tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300 daga teku, kuma daren Janairu a can sanyi ne mai shiga ƙashi. Iskar ma ba ta da kauri. Hawa biyu na taka a matakala na tsaya ina haki kamar wanda ya yi gudu.

Da safe muka ci karo da wani lissafin lokacin. Wani saurayi cikinmu, ɗalibi mai komawa karatu, ya tambayi wani ma'aikacin otal yaushe mota za ta zo ɗaukarmu. Aka ce masa ƙarfe uku na dare. Ya dawo hankali a tashe, wai ta yaya za a ɗauke mu ƙarfe uku alhali jirgi yana tashi bayan sha biyu? Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Abin da muke kira 7:00 na safe shi ne ƙarfe ɗayansu na rana, 7:00 na yamma kuma ƙarfe ɗaya na dare. Ukun dare ke nan tara ce a wurinmu. Kalandarsu ma tata ce dabam: wata 13, goma sha biyu masu kwana 30, na ƙarshe mai kwana biyar ko shida, sabuwar shekara a watan Satumba, kuma suna bayan kalandar miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. Filin jirgi da tikiti dai da agogon duniya suke aiki, amma a titi da otal yana da kyau mutum ya tambaya wane agogon ake nufi.

A teburin karin kumallo na haɗu da mutumin da ya sa kwanan nan ya zama riba a wurina. Wani Alhaji ne mai furfura, ya yi aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama kafin ya yi ritaya, zai je ganin ɗansa. Ina kurɓar gahawa, wadda a nan ƙasar ba a yi mata wasa, na ce ko ba komai dai ta Adis ce hanya mafi miƙewa, tunda a taswira masu bi ta ƙasashen Larabawa sai sun haura arewa kafin su gangaro.

Ya ce, "Malam, taswira ce ta ruɗe ka. Miƙo min lemon can."

Ya ɗauki lemo, ya ɗiga masa alama biyu da biro, ɗaya kusa da cikinsa, ɗaya can gefe ta ɗan yi sama. Ya ciro wayar abin sauraren kunnensa ya ɗora tsakanin alamomin ya ja ta ta miƙe. Wayar ba ta bi ta cikin lemon a kwance ba, sai ta haura sama ta lanƙwaso ta sauko. Ya ce haka duniya take, ƙwallo ce, taswirar bango kuwa an baje ta ne, duk wanda ya ja layi da rula a kanta ya ƙara wa kansa hanya. Gajeren layi daga Abuja zuwa Guangzhou kusan kilomita 11,200 ne, kuma yana bi ta kusa da Njamena, ya ratsa arewacin Sudan, ya ƙetare Bahar Maliya daidai Jidda, ya wuce ta kan Dubai, sannan ya shiga Pakistan da Indiya. Ta Adis kuwa, 3,450 ne a haɗa da kusan 8,000, ya kama kusan 11,500. Bambancin bai taka kara ya karya ba, minti ashirin ne a sama, amma dai hanyar da ido ke gani a karkace ita ce miƙaƙƙiya.

Sai ya ƙara da abin da har yanzu nake faɗa wa mutane. Tunda layin ta Jidda ya bi, kuma Makka na nan gefenta, wanda ya fuskanci alƙibla a Abuja kusan Guangzhou ya fuskanta. Wanda ya tsaya salla a Guangzhou kuma, in aka zarce da layinsa bayan Makka, Abuja zai faɗa.

Na ce to me ya hana jirage bin layin nan kullum? Ya ce sama ma tana da iyakoki da ƙofofi. Kowace ƙasa da sararinta, ana biyan kuɗin ratsawa, kuma ana rufewa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyarta. A watan Agustan shekarar, da sojojin Nijar suka rufe tasu bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa Najeriya daga Turai sai da suka riƙa zagaye mai nisa na kusan wata guda, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru. Don haka nisan da mutum ke gani in ya bincika a intanet nisan takarda ne. Jirgi yakan yi fiye da haka.

Shi ne kuma ya bayyana min dalilin da manyan jirage masu dogon zango ke barin Adis da tsakar dare. Wani ɓangare tsarin kamfani ne, a tattaro fasinjojin Afirka da yamma a raba su da dare. Wani ɓangaren kuma tudun ne. Inda iska ba ta da kauri, fukafuki da inji ba sa samun abin kamawa sosai, jirgi mai cike da mai da kaya yana buƙatar doguwar gudu kafin ya ɗaga. Sanyin dare yana ƙara wa iska nauyi, ya sauƙaƙa tashin. Shi ya sa wasu jiragen da ke zuwa Amurka daga nan ba sa iya cika tanki, sai sun tsaya a hanya sun sha mai, amma a dawowa kai tsaye suke zuwa.

Ragowar yinin barci ne da cin injera, wainar nan tasu mai faɗi da ɗan tsami, da miyar wake mai yaji. Tara na dare mota ta zo, muka sake bin layin bincike tun daga farko.

Zango na biyu shi ne tafiyar gaske. Muka tashi wajen 12:30 na dare, muka bar gaɓar Afirka ta wajen mashigin Adan, muka hau Tekun Arabiya. Allon kujera yana nuna tsayin kusan mita 11,000, sanyin waje ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Abin da na fi zuba wa ido shi ne gudun. Irin waɗannan jirage suna yin kilomita 850 zuwa 900 a awa, amma da muka shiga sararin Indiya sai lambar ta haura 950, ta taɓa 1,000. Ba injin aka ƙara wa wuta ba. A can sama, musamman da hunturu, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita ke tura jirgin ta baya. Alhaji ya riga ya ce min in lura da ita, kuma in jira ranar dawowa.

Dare kuwa guntu ne. Aka raba abinci, aka kashe fitilu, ban yi wani barcin kirki ba sai ga jan alfijir ta ƙasan labulen taga, ba mu cika awa huɗu da tashi ba. Mai tafiya gabas rana yake tara, ita tana zuwa shi yana zuwa. Lokacin asuba a nan ƙanƙani ne ƙwarai, in mutum ya ce bari ya ɗan ƙara runtsawa sai ya buɗe ido ya ga rana ta fito. Hajiya tana layin gabana, na ga tun kafin hasken ya bayyana ta yi alwala ta dawo ta zauna tana jira. Agogon waya ba ya taimako a wannan wuri, taga ce malamar.

Muka shiga Indiya ta wajen Mumbai, muka fita ta wajen Kolkata, muka ratsa Bangaladash da Myanmar, sai ƙasar Sin. Lissafin agogon yana da sauƙi in an san tushensa: duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Abuja tana digiri 7 gabas, Guangzhou tana 113, tazarar 106, in ka raba da 15 ka samu awa bakwai, kuma bakwai ɗin ne tsakaninmu da su. Sai dai siyasa takan sa hannu. Indiya ta zaɓi awa biyar da rabi gaban agogon Girinwic, wato GMT, da rabinta. Sin kuma, duk faɗinta da ya isa a raba shi agogo biyar, agogo ɗaya take bi, na Beijing.

Awa goma muka yi a sama, agogo ya ce 15. Mun tashi da tsakar dare, mun sauka filin Baiyun 3:30 na yamma. Daga nan wani jiran ya fara. Jirgin ya yi ta tafiya a ƙasa kafin ya kai ƙofarsa, domin filin gari guda ne. Aka cike takardar shiga, na'ura ta ɗauki hoton yatsu, jami'i ya tambayi inda zan sauka da ranar da zan koma, ya nemi ganin takardar gayyata. Jakunkuna suka fito, alhamdu lillahi, duk da kwanan da suka yi ba tare da mu ba. Filin yana arewa da birnin da kusan kilomita 30. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, bai kai yuwan 10 na kuɗin Sin ba, tasi kuwa ta haura yuwan 100. Da jakunkuna biyu da gajiyar kwana biyu, tasi na shiga tare da Hajiya muka raba kuɗin, ta nuna wa direba adireshi da rubutun Sinanci a wayarta, domin in ka karanta masa da bakinka ba zai gane ba. Cunkoson yamma ya ci mana fiye da awa. Sai bayan magariba na ajiye kaya a wani ƙaramin otal a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, aka ɗauki hoton fasfona don rajistar da doka ta wajabta wa kowane baƙo.

A daren na zauna na yi lissafi a bayan tikiti, da agogo ɗaya, na Najeriya. Daga ƙofar da na fito zuwa ƙofar da na shiga, kusan awa 50. A cikinsu abin da na yi a sama bai cika 15 ba. In aka raba kilomita 11,500 da awa 50, gudun tafiyata bai wuce kilomita 230 a awa ba, ƙasa da jiragen ƙasan Sin masu yin 300 zuwa 350. Ko da hazo bai tare mu ba, da awa 19 na tikiti sun zama 25 ko 26 in an haɗa da zuwa filin jirgi, jiran farko da fitar ƙarshe.

Jiki kuma bai yarda ya iso ba. Kwanakin farko ƙarfe 3:00 na dare idona biyu, domin a wurinsa takwas ce ta dare, da azahar kuma ina tsakiyar ciniki barci ke fizgata. Masu ilimin abin suna cewa jiki yana gyara kusan awa ɗaya ne a kowace rana, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wahala, domin taƙaita yini ya fi tsawaita shi wuya. Wanda ya ware mako guda don sayayya ya sani rabinsa da gyangyaɗi zai yi shi. Abin da ya ɗan taimake ni shi ne fita cikin hasken rana da hana kai barcin yamma, sai kuma taliyar Musulmin Lanzhou mai romon naman sa, wadda shagunanta ke buɗe har dare ya raba. Kiran gida ma sai da na koyi lokacinsa: kafin 2:00 na rana a can, mutane ba su gama tashi ba a nan.

Ranar dawowa, tikitin ya nuna tashi 12:30 na dare, sauka Adis 6:30 na safe. Wani bawan Allah da muke layi tare, zuwansa na farko, yana murna wai komawa awa shida ce kawai. Na ce masa ya ƙara biyar. Awa 11 muka yi, ɗaya fiye da zuwa, a hanya ɗaya da jirgi iri ɗaya, domin iskar da ta tura mu yanzu ita muke sara, lambar gudu ta sauko ƙasa da 800 a kan Indiya. Daren kuma ya ƙi ƙarewa. Rana tana bin mu a baya ba ta cim mana ba, na yi barci na farka na sake yi, aka ba mu abinci sau biyu, taga baƙi ƙirin har muka fara gangarowa kan tsaunukan Habasha.

Wannan karon jiran Adis bai kai awa uku ba, kuma ya ishe mu. Muka tashi da hantsi, muka yi kusan awa biyar, muka sauka Abuja ana shirin azahar, a ranar da muka baro Guangzhou. Kayan da na saya ban taho da su ba, in ban da samfura a jaka, domin kuɗin kowane kilo da ya haura 46 ɗin nan ya isa ya cinye ribarsa. Suna cikin kwantena da aka loda a tashar jiragen ruwa ta Nansha da ke Guangzhou. Jirgin ruwan zai gangara ta mashigin Malaka, ya ƙetare Tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu kafin ya hauro Legas, kuma wakilin ya ce in ba shi mako shida, ban da kwanakin fitarwa a tasha.